Rabawa Irin Ta Mamansu

Ina tsaye a ƙofar sito a Khumra, a nan Jidda, inda nake aikin karɓar kaya, muna cacar baki da wani direba a kan katan ɗin man girki da ya iso a fashe, sai wayata ta yi ƙara. Ƙanin matata ne. Shi ma direba ne, a gidan wasu masu hali a unguwar Abhur, kuma bai taɓa kirana da hantsi ba sai in aron wani abu yake so. Na ɗauka na ce, "Ba ni da shi."

Can ya ce, "Yaya, ka taho asibiti."

Na ce ai da safen nan na baro yayarsa zaune tana yi wa nas faɗa a kan shayi ba sukari. Ya ce, "Ka dai taho."

Direban da ya kawo man bai san abin da aka faɗa mini ba, ya ci gaba da rantse-rantse cewa a haka aka loda masa katan ɗin. Na karɓi takardarsa na sa hannu. Ina jin shi ne mutum na farko da ya ci ribar rasuwarta.

An kai ta Makka, aka yi mata salla a Harami, aka rufe ta a can. Duk wanda ya riƙe hannuna sai ya ce, "Ta yi sa'a, wallahi ta yi sa'a." Gaskiya suka faɗa, ban musa ba. Amma da maganar ta yi yawa sai da na danne bakina, don kada in roƙa wa wani irin wannan sa'ar kafin mako ya zagayo.

Ta bar mini yara uku. Babbar tana da shekara goma sha huɗu, namijin tara, auta biyar. Duk a Jidda aka haife su, kuma babu mai zuwa makaranta a cikinsu, domin uwarsu ce makarantar. Lokacin da annoba ta rufe gari, kowa ya koma karatu ta waya, ta zauna kusa da babbar ta kalli abin da ake koya mata, ta ce in wannan ne abin da muke biya to ita ma ta iya. Da aka buɗe makarantu ta ƙi mayar da kowa. 'Yar Maraɗi ce, ta yi lekol har kwaleji, da Faransanci. Ni ɗan Katsina ne, na gama sakandare da ƙyar, Turancina iya na cika takardar kaya ne. Yaran kuwa Larabci suke yi tsakaninsu, su yi mana Hausa in suna son wani abu. Yadda take haɗa wannan miyar ban sani ba. Nakan fita da safe in bar su a kan darduma a falonmu na unguwar Sharafiyya, in dawo in tarar an share, an yi wanka, an ci abinci. In na ce, "Ya karatu?" sai ta ce, "Yana nan inda ka bar shi."

An jera kujeru a ƙasan benenmu don zaman makoki, ana zagayawa da gahawa da dabino bayan magariba. Ranar farko addu'a aka yi. Rana ta biyu aka fara tambayar wa zai riƙe yara. Kafin ta uku ta ƙare, zaman ya koma taron ma'aikatar ilimi.

Wani injiniya ɗan ƙasarmu ya ja kujerarsa kusa da tawa ya ce manhajar Ingila ita ce kawai abin yi, ya jero mini sunayen jarrabawa, duk haruffa ne kamar lambar mota. Wani dattijo ɗan Cadi mai sayar da darduma ya ce a ba su Alƙur'ani, sauran duk surutu ne. Na san 'ya'yansa, duka suna jami'a a Masar. Mahaifiyata ta kira daga Katsina ta ce in ɗora su a jirgi, babbar a kai ta wurin ƙanwata, ƙananan ta riƙe. Wannan kaɗai na amsa kai tsaye. Na ce mata ba zan raba su ba.

Ƙanin matata ya jira kowa ya gama, sannan ya gyara zama. "Yaya, Faransanci za a ci gaba da shi. Abin da marigayiya ta fara ke nan. Lekol ba wasa ba ce, mu da muka yi ta mun sani."

Na ce, "Kai da aka ce ta taga ka gudu tun kana aji uku?"

"Ta ƙofa na fita, Yaya. Malamin ne ya biyo ni ta taga."

Na yi dariya, dariyar farko tun da ya kira ni. Dattijon ɗan Cadi ya harare mu duka biyu.

Da mutane suka watse, muka zauna ni da babbar a gaban kwamfutar uwarta muna duba makarantun da ake yi ta intanet. Ita ke dannawa, ni ina gefe kamar wanda ya rako mara lafiya. Kowace makaranta da hotonta: yara masu fararen haƙora, kowa da kwamfutarsa, babu mai faɗa a kan caja. Kowace ta ce shugabannin gobe take ginawa. Ni ba shugaba nake nema ba. Wanda zai karanta takardar magani bai kashe kowa ba, ya ishe ni.

A ƙarshe ba injiniya ne ya yanke hukunci ba, iƙama ce, takardar izinin zama. Zamanmu a ƙasar nan a kan iƙamata yake rataye, ita kuma tana hannun kafili, ubangidan da ya tsaya mini. Ranar da ya tashi da ciwon kai ya ce halas, a Katsina za mu sauka, ba Landan ba, ba Faris ba. Saboda haka na zaɓi manhajar Najeriya, a wata ƙaramar makaranta da wasu malamai ke gudanarwa daga Kaduna. Ƙanin matata ya ce na mayar da 'ya'yan yayarsa Ingilishi da rana tsaka, ya yi fushi har zuwa lokacin cin abinci.

An gaya mini akwai tazarar awa biyu tsakaninmu da gida. Na san da haka, shekara nawa ina kiran mahaifiyata. Amma ranar farko kaina ya juya lissafin, na tashe su tun da duhu, na sa suka yi wanka suka sa kaya masu kyau, na jera su a gaban allo. Muka zauna muna kallon wata da'ira tana juyawa har rana ta fito. Babbar ce ta ce, "Baba, yanzu fa ko asuba ba su yi ba a can." Auta ta riga ta koma barci a zaune, da ribon a kanta.

Sai kuma maganar ranaku. Mu a nan Juma'a da Asabar muke hutu, su Asabar da Lahadi. Ran Lahadi ina wurin aiki, yara suna gida ba darasi, suna gwada ƙarfin kujeru. Ran Juma'a kuwa, daidai lokacin da liman ke hawa mumbari a Sharafiyya, a lokacin ne wata malama a Kaduna ke tambayar ɗana sunayen jihohi da manyan biranensu. Yaron da bai taɓa taka ƙasar ba ya haddace su duka, yana faɗarsu da harshen Larabawa, har ni ban gane jiharmu ba da ya zo kanta.

Babbar ba ta ba ni wahala ba. Ta sa abin ji a kunne, ta rufe ƙofa, sakamakonta na zuwa da kyau. Ajin auta kuwa waƙa ne da tafi. Cikin kwana kaɗan ta gano maɓallin da ke kashe muryar malama. Sai ta danna, malama ta yi ta buɗe baki kamar kifi, ita kuma ta kwanta tana dariya. Da na yi mata faɗa ta amsa mini da Larabci cewa matar ba ta gajiya da magana. Na saurari darasi ɗaya da kaina, na ga yarinyar tana da hujja. Na cire ta, na ce yayarta ta riƙa nuna mata baƙaƙe, sauran kuma Allah ya kawo shekara mai zuwa.

Namijin ne na zaci ba zan sha wahala da shi ba, don an ce lissafi yake so. Malamin lissafinsa mutum ne mai haƙuri, ga zakara yana cara a bayansa, in wuta ta ɗauke ya ɓace, in ya tayar da janareto ya dawo da gumi ya ce, "Ina muka tsaya?" Tarawa lafiya, ɗebewa lafiya, ninkawa lafiya. Aka zo rabawa.

Wata Alhamis na dawo da yamma da burodin tamis da waken ful a leda, na tarar kwamfuta a rufe, yaro yana kwance ya juya wa falo baya. Babbar ta nuna mini hoton aikinsa da malam ya dawo da shi. Tambaya biyar, duka an soke da jan biro. A ƙasa an rubuta da Turanci cewa ya bi hanyar da aka koyar.

Na ɗauki waya na buga lissafin ɗaya bayan ɗaya. Duk amsoshin daidai ne. Amma da na kalli takardar, ni ma ban gane abin da ya yi ba. Mu yadda aka koya mana, kana yi wa babbar lamba rumfa, ƙaramar ta tsaya a waje ta hagu, amsa ta hau kan rufin. Shi kuwa ya ja layi a tsaye kamar bango. Babbar lamba tana hagu, ƙaramar tana dama a sama, ya ja mata layi a ƙarƙashi, amsa ta kwanta a ƙasan layin. Komai a juye.

Na ce, "Kai, wa ya koya maka wannan?"

Bai juyo ba. Ya ce, "Mama."

Ashe haka ake rabawa a lekol. Shekara goma sha shida muna tare da matar nan, ban san cewa ko raba lamba ba iri ɗaya muke yi ba.

Na kira malamin. Ya yi mini ta'aziyya sosai, don sai a lokacin ya ji. Sannan ya ce, "Alhaji, ni ma na ga amsar daidai ce. Amma ka ce gida za su dawo wata rana. Duk malamin da ya ga wannan bangon zai ce yaro bai iya ba, ko ya ce satar amsa ya yi. Kuma gaba za mu shiga rabawa da lamba biyu. In yana gini ta dama ina gini ta hagu, a ina za mu haɗu?"

Na ce, "Malam, ba za a bar shi da bangonsa ba?"

"Yara ashirin ne a gabana, Alhaji, ga zakara. Ni kaina ban iya irin tasa ba."

Ban ga laifinsa ba. Na koma wurin yaron da takarda da biro, na zauna a bakin katifa, na zana masa irin tamu a hankali, ina jin kaina malami. Ya leƙo ya kalla. Ya ce, "Wannan ba rabawa ba ce, rumfar mai shayi ce. Ina alhazan za su tsaya?"

"Waɗanne alhazai?"

Sai ya tashi zaune ya karɓe biron. Ya ja bangonsa. Ya ce lambar hagu alhazai ne sun sauka daga jirgi, ta dama motoci ne suna jira a bayan bango. Ya rubuta tamanin da bakwai, ya rubuta huɗu. Ya canza murya, ya ja ta kamar yadda uwarsa takan yi in tana son a saurare ta: "Tooo, alhazai takwas, mota huɗu. Kowace mota nawa za ta kwasa? Bibbiyu. Yalla, ku shiga. Na baya, sauko, kada ka tsaya kallon gini." Ya sauko da bakwai. Ɗaya ɗaya suka shiga, uku suka rage. Ya zagaye ukun.

Na ce, "Su kuma fa?"

"Su ne waɗanda suka zame, suka ƙi komawa gida."

Ƙanin matata yana bakin ƙofa, ya zo cin tamis ɗin da bai saya ba. Ya ce, "Mu ke nan, wallahi. Saura uku."

Yaron bai yi dariya ba. Ya ce, "Mama ta ce in ta dawo daga asibiti za mu yi manyan motoci, masu lamba biyu. Kuma ta ce akwai yadda ake sa waƙafi a bayan amsa, sauran ma su samu wuri. Ba a barin kowa a ƙasa." Ya ajiye biron. "Ni ba zan yi na rumfa ba."

Daga ranar ya daina lissafi. Sauran darussa yana shiga, ya amsa tambaya, ya faɗi jihohinsa. In lokacin lissafi ya yi sai ya rufe kwamfuta ya tafi baranda yana kallon masu sauke kaya a bakin kantuna. Na yi lallashi. Na yi alkawarin kai shi bakin teku. Na ɗaga murya sau ɗaya, auta ta fashe da kuka, shi ko gezau. Malam ya ce zai jira mu zuwa ƙarshen zango, daga nan sai dai a maimaita masa aji, don ba a wucewa babu lissafi.

Na ce to, abu mai sauƙi, a nemo wanda zai ƙarasa masa irin ta uwarsa. Jidda cike take da mutanen Nijar. Na fara da wanda ke cin abincina.

"Kawo biro," in ji ƙanin matata, yana naɗe hannun riga. "Yau za ka ga ilimi, ɗan Ingila." Ya ja bango, miƙaƙƙe kamar na magini. Ya rubuta lambobi, ya sa wa bakwai ɗinsa ɗamara a tsakiya. Ya faɗi wata kalma da Faransanci. Ya sake faɗinta. Sai ya ce zafi ya yi yawa a falon, a ƙara sanyi. Can na ga hannunsa na hagu ya shige ƙarƙashin matashi.

Yaron ya ce, "Kawu, wayarka tana haske."

"Saƙon madam nake dubawa, ɗan banza."

"Madam ce ta turo maka ashirin da uku?"

Na tambayi wasu a masallaci. Kowa ya tuna bangon, har da murmushi, kamar an ambaci wata tsohuwar budurwa. Babu wanda ya tuna abin da ake yi bayan an gina shi. Wani tela ya ce shi tun da aka ƙirƙiro waya ya sallami kansa daga wannan azaba. Babbar ta nemo mana wani Bature a intanet yana koyar da ita tsaf, da bangon da komai. Yaron ya kalla har ƙarshe ya ce mutumin ya iya, amma babu alhazai, kuma ba ya jin abin da yake faɗa.

Ina kallon bidiyon nan ne abin ya faɗo mini. Yarinyar da ta san abin da za ta rubuta ta nemo shi, ai ta san abin. Uwarta ta yi shekaru tana koyar da ita kafin ta rasu. Na same ta a kicin tana wanke tukunya.

Na ce, "Ke, Mamanku ta koya miki manyan motoci?"

Ta amsa da Larabci cewa ba ta sani ba. Tun tana ƙarama, in za ta yi mini ƙarya da Larabci take yi, wai don ta fi sauƙin fita.

Na ce, "Faɗa mini da Hausa."

Ta ci gaba da goge tukunyar da ta riga ta fita. Na tsaya. Ban iya irin wannan tsayuwar ba, uwarsu ce gwana, amma na tsaya.

Ta ce, "Na iya, Baba. Na iya duka, har waƙafin. A makaranta na rumfa nake yi musu don kada su dame ni." Ta rufe famfo. "Na gwada koya masa ran Lahadi, ba ka nan. Ina cewa 'tooo' ya ɗago kai ya kalli ƙofa. Ya zaci ita ce."

Muryarsu ɗaya, kowa ya sani. Kakarsu ta Maraɗi ta daina yarda a ba ta yarinyar a waya saboda haka. Ni kaina in ta kira auta daga ɗaki nakan ajiye abin da ke hannuna.

Ta ce, "Ba zan iya ba. Kada ka sa ni."

Na ce ba zan sa ta ba. Na fita na bar mata kicin ɗin, na sauka ƙasa na sayo abin da ba mu buƙata a kanti, na dawo.

Washegari Asabar, muna gida. Na ɗauko takarda na ajiye a gabanta na ce, "Ni za ki koya wa. Ba sai kin yi magana ba. Ki nuna da biro kawai."

Ta kalle ni kamar na ce zan shiga gasar gudu. "Kai, Baba?"

"Ni. Na taɓa zuwa na goma sha ɗaya a aji."

"Ku nawa ne?"

"Ba a tambayar babba irin wannan."

Haka muka fara. Tana rubutawa, ina kwafa. In na yi kuskure ta ƙwanƙwasa wurin da gindin biro, ba ta cewa komai. In na maimaita kuskuren ta ƙwanƙwasa da ƙarfi. Ban taɓa sanin shiru yana iya zagin mutum haka ba. Hannuna ya saba da rumfa, kullum sai ya kai amsa sama, ita kuma ta kamo shi ta dawo da shi ƙasan layi kamar akuyar da ta shiga gonar mutane. A wurin aiki, in babu mota a ƙofa, ina yi a bayan katan. Wani abokin aikina ɗan Sudan ya leƙa ya tambaya ko taswirar gida nake zanawa a ƙauye.

Da na ga hannuna ya faɗa, na kira yaron. Na ce na koyo manyan motoci, amma ban san maganar da ake yi musu ba, shi zai ba ni. Ya zo da shakka, ya zauna nesa kaɗan. Na ja bango. Na rubuta ɗari biyu da saba'in da shida, na sa goma sha biyu a dama.

Na ce, "To, alhazai biyu, mota goma sha biyu."

"Ba haka take faɗa ba. Sai ka ja shi. Tooo."

"Tooo."

"Kamar rago kake yi, Baba."

"Ragon ne ke biyan kuɗin intanet. Tooo, alhazai biyu, mota goma sha biyu. Ba su isa ba. Me ake cewa in ba su isa ba?"

Ya yi tunani. Wannan bai taɓa ji daga bakinta ba, don ba su kai nan ba. Daga ɗaki, ta bayan ƙofa, aka ƙwanƙwasa katako sau biyu da gindin biro. Ya kalli ƙofar, ya kalle ni. Ya ce, "A kira na kusa da su. Su zama ashirin da bakwai."

"Wa zai kira su?"

"Kai mana. Ka ce, Alhaji, matso, ba cizo ake ba."

Na faɗa. Ya matso shi ma, ya karɓe biron, ya kwashe su bibbiyu, ya sauko da na baya. Amsa ta fito ashirin da uku, babu wanda ya zame. Ya ɗan ji haushin haka, ya ce in ba shi wadda za a samu saura.

Ƙarshen zango ya zo. Na kira malamin na ce ya sa yaron a komai ban da lissafi, lissafi na gida ne. Ya ce tsarinsu ba ya rabuwa, kuma a takarda yaron zai zauna a ajin da yake. Ya ce, "Alhaji, ka san shekara guda za ka ci masa?" Na ce na sani. Ya ce in kafili ya sallame ku gobe fa? Na ce to sai mu sauka a Katsina da bangonmu. Zakara ya yi magana a madadinsa. Daga baya ya ce zai riƙa turo mini tambayoyin da yake ba sauran, in ga inda suka kai, kuma in yaro ya ga dama wata rana ya gwada rumfa, ƙofa a buɗe take. Na yi masa godiya. Har yanzu yana turowa, sun yi mana nisa.

Ƙanin matata ya ce wannan nasarar Faransa ce, ya kamata a yanka kaza. Mahaifiyata ta ce ban da hankali, yaro zai tsufa a aji ɗaya saboda zane. Wataƙila tana da gaskiya. Ban iya yi mata bayani a waya ba, na ce mata layin ba kyau.

Muna yi ran Juma'a bayan an sauko da ran Asabar da safe. Auta tana zama kusa da mu tana zana motocin, da tayoyi da direba, wani lokaci har da kawunta a ciki yana duba waya. Manyan motoci sun zauna masa, har ya fi ni sauri, yana kama ni in na yi kuskure. Kowace takarda tana ƙarewa da saura a zagaye, biyu, biyar, bakwai, suna tsaye a gindin bango. Yakan tambaye ni yaushe za a ba su wuri.

Na tambayi babbar. Ta ce wannan ba ya nunuwa da gindin biro, sai an yi magana, kuma akwai abin da Mama ke faɗa daidai lokacin da take ɗiga waƙafin. Ta ce in ba ta lokaci. Ban sake tambaya ba.

Ba mu kai waƙafi ba tukuna.